Inna Kaltume dillaliya, wadda ta sayar min da kayan gidana

Da safen nan aka kira ni daga Haɗeja. Inna Kaltume ta rasu.

'Yarta Hajara ce ta kira.

Yawancinku a nan ba ku san ta ba, don haka bari in gaya muku ko wace ce.

Shekara tara muka yi a Haɗeja. Mijina malamin gona ne, yana aiki da manoman shinkafa na fadama. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, muna zaune a kwatas na ma'aikata da yaranmu uku. Inna Kaltume kuwa dillaliya ce, tana shiga gida-gida da ƙullin atamfofi da kwanuka a kanta. Duk ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ita yake nema ta fitar masa da kaya ƙofar gida a yi gwanjo. Ba ta taɓa shiga aji ba. Amma ban taɓa ganin mai ƙwaƙwalwa irin tata ba.

Ita ta fara nuna min inda ake samun busasshen kifi mai kyau. Ranar da na haifi autata, ita ta fara shigowa da kunun kanwa, tun kafin matan cocinmu su iso.

A daminar shekarar da aka ba mu jihar Jigawa mijina ya kwanta, kwana shida Allah ya ɗauke shi. Aka ce min in shirya barin kwatas. Wan mijina ya zo daga gida don ya tafi da mu, ya ce akori-kura ɗaya za a ɗauka, abin da bai shiga ba a sayar. Har ya samo wani mutum da zai kwashe komai a dunƙule, gado da kujeru da firji da tukwane, a kan kuɗin da ko firjin kaɗai ya fi shi. Ni a lokacin ko me aka ce min, to kawai nake cewa.

Inna ta shigo ta tarar mutumin yana ɗaga katifa yana dubawa. Ta gaishe shi da ladabi, ta raka shi har bakin ƙofa. Da ta dawo sai ta ce wa wan mijina a ba ta sati uku. Ta ce yanzu ruwa ya cika fadama, hanyoyin ƙauye sun yanke, kuma babu kuɗi a hannun kowa. A bari ruwa ya janye, a fara yankan shinkafa, masunta su sayar da kifinsu, sannan a zaɓi ranar kasuwa wadda ta faɗo bayan an yi albashi.

Ransa bai so ba. Ita da kanta ta je ta roƙi mai kula da gidajen ya ƙara mana kwanaki, kuma ya ƙara.

A sati ukun nan na ga aiki.

Ta sa muka goge kowace tukunya da toka har muna ganin fuskarmu a jiki. Muka wanke labule, muka shanya katifu a rana. Ta kira kafinta ya ɗaure ƙafar tebur. Ba ta manna takarda a ko'ina ba. Masu tallan nono ta gaya wa, da matan da ke sayar da kifi, da duk gidan sunan da ta shiga. Kafin ranar ta zo, har Kaugama da Kafin Hausa an san akwai gwanjo a gidan marigayi malamin gona.

Ranar da kanta, ta raba kayan gida biyu. Na maza, wato kujeru da keken hawa da rediyo da fitilu, a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya. Na mata kuwa a tsakar gida a kan tabarmi, don matan aure su shigo su duba a tsanake ba tare da sun tsaya cikin maza ba. Ta ajiye randa da ruwan sanyi da moɗa. Ta sa sabon batir a rediyon ta kunna shi, ta ce kayan da ke magana da kansa ba ya buƙatar talla. Kuma ba ta fito da komai lokaci ɗaya ba, in wuri ya fara yin fili sai ta ɗauko wani abu daga ɗaki, wanda ya zo da azahar ma ya ga kamar yanzu aka fara.

Ni kuma ta ce in wanke fuska in zauna a ciki wurin mata. Ta ce mutum in ya ga hawaye, ko dai kunya ta kore shi, ko ya ga dama ce ta samu ya taya yadda ya so.

Akwai wata fanka da ke ƙara in ta yi zafi. Na ce mata kada ta faɗa. Duk wanda ya taɓa fankar sai ta gaya masa tana ƙara. Wani malamin makaranta ya saya a haka, ya kuma ƙara da kabad, ya ce tunda ta faɗi aibin wannan, ya yarda da sauran.

Wani dattijo ya sauko daga amalanke, tun bai ƙaraso ba ta raɗa min cewa keken hawa ya zo saya, kuma ba zai tafi ba sai da shi, don haka ba za ta rage masa da yawa ba. Ya zagaya, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya yi kamar bai ga keken ba. Da shi ya tafi. Na tambaye ta yadda ta sani, ta ce tun daga nesa tayoyi yake kallo.

Sai maganar keken ɗinki.

Mijina ya saya min shi, ban iya komai da shi ba sai facin kayan yara. Wani tela daga Malam Madori ya gan shi, ya taya da daraja sosai, har wan mijina ya ce a sallama. Inna ta taso daga cikin gida, ta yafa wa keken zane, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ta ba telan haƙuri, ta ce kuskure aka yi aka fito da shi.

Wan mijina ya yi faɗa, ya ce ba wuri a mota. Ni ma na ji haushinta a ranar, gaskiya. Ta juyo ta ce min:

"Maman Dauda, kuɗin nan wata biyu zai yi ya ƙare. In wuri ne babu, ki bar gadon da za ki tafi da shi ki ɗauki wannan. Yara uku gare ki."

Gadon muka sayar.

Kafin la'asar tsakar gida ta zama fili. Da na miƙa mata la'adarta, ta mayar min da hannuna, ta ce ita ba ta cin la'ada a kayan marayu.

Da muka koma gida, haƙƙin mijina ya ɗauki shekaru bai fito ba. Na shiga wurin wata mata na koyi ɗinki da gaske. Da keken nan na yi ta ɗinka yunifom na 'yan firamare. Da shi muka ci, da shi yaran nan uku suka gama makaranta. Har yau in na tuna saura ƙiris a ɗora shi a mashin ɗin telan nan, sai in gode wa Allah. Ita ta hango abin da ni mai kayan ban hango ba.

Ganina da ita na ƙarshe, wajen shekara bakwai bayan tafiyarmu ne, da na je Haɗeja bikin 'yar tsohuwar maƙwabciyata. Aka ce min tana gidan wani nas da aka mayar Dutse. Na same ta a tsakiyar mutane, ta ɗan ranƙwafa, amma muryar tana nan. Na zo da dogon jawabin godiya a bakina. Ta riƙe hannuna, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin yi kyau, alhamdu lillahi. Yaran suna karatu?"

Na ce suna yi.

"To shi ke nan. Riƙe min tiren nan, ki nuna wa matar can."

Haka na wuni ina taya ta sayar da kayan wani. Ba ta bar ni na yi godiyar ba. Daga baya sai gaisuwa ta waya ta hannun Hajara, kullum ina cewa zan je, ban je ba.

Ni Kirista ce, ita Musulma, kuma ta riƙe ni kamar 'yar da ta haifa. Allah ya jiƙan Inna Kaltume, ya yafe mata kurakuranta, ya ba ta Aljannar da ta yi ta roƙo. Allah ya ba Hajara da 'yan'uwanta haƙuri, ya tsaya musu yadda mahaifiyarsu ta tsaya wa nawa.

Duk wanda ya karanta wannan, ko a masallaci kake addu'a ko a coci, don Allah ka ambaci sunanta yau.