Sista Sunanki-Wa

Yayarmu nas ce. In ka je asibitinsu nemanta, kada ma ka ɓata bakinka da sunanta na gaskiya. Ka ce Sista Sunanki-Wa, ko mai gadi zai nuna maka ɗakin mata. Ba ta taɓa miƙa wa majinyaciya ƙwaya ko ta yi mata allura ba sai ta tsaya a gefen gado, ta dube ta ido cikin ido, ta ce, "Sunanki wa?" Sai matar ta faɗa da bakinta, Yaya ta duba 'yar robar da aka ɗaura mata a hannu ta ga sunan ya yi daidai, sannan magani ya fito. Ko da matar ta yi wata a gadon, ko da jiya tare suka sha hira.

Ƙa'idar aikin ce, kowace nas an koya mata. Sai dai in aiki ya yi yawa, wasu lambar gado kawai suke dubawa su wuce. Yaya tana sabuwar ɗauka ta ga abin da ya shiga ranta har yau. Wasu mata biyu ne suka yi musayar gado a tsakaninsu, ɗaya tana son kusa da taga, ba su gaya wa kowa ba. Wata abokiyar aikin Yaya ta bi lambar gado, ta yi wa mai ciwon ƙafa allurar mai ciwon suga. Da ƙyar aka ceto matar. Tun daga ranar tambayar nan ta manne a bakin Yaya.

Mu kuwa a gida ta zame mana abin tsokana. Mijinta ya taɓa kwanciya da zazzaɓi, yana ta karkarwa, ta tsaya a kansa da allura ta ce, "Sunanka wa?" Ya ce, "Haba! Sai na kawo miki katin shaida?" Wallahi ba ta motsa ba sai da bawan Allah ya faɗa.

Ni tela ce, kekena yana falon Mama, tare muke zaune. Mama tana da hawan jini, don haka kullum da safe Yaya takan biyo da fararen kayanta kafin ta wuce aiki, ta gwada jinin, ta ba ta magani. Ita ma ba ta tsira ba.

"Sunanki wa?"

"Sunana uwar marar kunya," in ji Mama. Sai ta yi dariya, ta faɗi sunan cikakke har da na mahaifinta, ta miƙa hannu.

Shekara da shekaru haka muke, har na daina ji, kamar ƙarar kekena.

Bana ne abubuwa suka fara. Na tsinci makullin gida a cikin firji. Na tarar da tukunya a kan wuta babu ruwa a ciki, gindinta ya yi baƙi ƙirin. Na ce tsufa ne, wa ba ya mantuwa? Sai ranar da ina yanka yadi Mama ta leƙo ta ce, "Babanku bai dawo daga aiki ba?" Baba da ya rasu tun ina makaranta! Almakashin ya suɓuce daga hannuna. Tsoro ɗaya ne ya riƙe ni: kada wata rana Mama ta dube mu ba ta san mu ba.

Washegari na tare Yaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ki gaya min gaskiya. Me ke damun Mama?"

"Ba ni ke faɗin ciwo ba, aikin likita ne. Na karɓar mata ranar ganinsa."

Raina ya ɓaci. "Ke dai kin cika taurin kai! Duk shekarun nan kina cikin marasa lafiya, ki ce ba ki sani ba? Uwarki ce fa, ba matar gado na kusa da taga ba!"

"Shi ya sa," ta ce, tana gyara jakarta ba ta dube ni ba. "In na buɗe baki a kan Mama, ko dai in faɗi abin da nake tsoro, ko in faɗi abin da nake fata. Babu wanda zai amfane ta."

Na ja tsaki na koma ciki. Amma na ga idonta ya yi ja.

Ranar ganin likitan da sauran nisa, layi ne. Ni kuma tambayar da na daina ji ta dawo ta zame min abin jira. Da na ji Yaya ta ce "Sunanki wa?" sai in ɗauke ƙafa daga keken in kasa kunne. In Mama ta amsa, in sauke numfashi, ranar in iya cin abinci. Da farko tsokanar ce ta ɓace, sunan kawai take faɗa. Daga baya sunan mahaifin ya bi. Sai shirun da ke tsakanin tambaya da amsa ya riƙa tsawo. Ɗinki ma ya gagara, na haɗa hannun riga a baibai, mai kayan ta wanke ni tas.

Na roƙi Yaya. "Don Allah ki daina tambayarta. Ki ba ta kawai, ai kin san ta."

"Ranar da na daina tambaya, ranar na daina sanin halin da take ciki," ta ce.

Safiyar da za mu asibiti, na yi wa Mama wanka, na sa mata rigar da na ɗinka mata, tana zaune a kujerarta kusa da taga. Yaya ta shigo, ta gwada jini, ta zuba ƙwayoyin a ɗan faranti, ta tsaya a gabanta.

"Sunanki wa?"

Ina jin mai sayar da ruwa yana wucewa a titi. Mama ta dubi fararen kayan daga sama har ƙasa, ta gyara zama, ta yi murmushin da take yi wa baƙi.

"Sannu da aiki, Sista. Yi haƙuri, ya ɗan kwanta min. Amma babbar 'yata ma nas ce, yanzu za ta zo. Ita ba ta mantuwa, ki tambaye ta."

Na ɗauka Yaya za ta durƙushe. Sai ta juyo gare ni, ta yi abin da suke yi a asibiti in majinyaci ya kasa amsawa.

"Ke ce mai jinyarta?"

"Ni ce."

"Sunanta wa?"

Na faɗa, cikakke har da na mahaifinta. Yaya ta gyaɗa kai, ta miƙa maganin da ruwa. Mama ta haɗiye, ta yi godiya, ta leƙa wajen ƙofa.

"Har yanzu ba ta iso ba?"

Yaya ta sunkuya tana gyara mata wuyan riga.

"Tana nan kusa, Mama."