Shinkafar Lahadi a Gidan Khawaja

A Karantina, can kudancin Jidda, in aka sauke shinkafar biki mai jan mai, wadda aka jera wa jatan lande a ka, tsofaffi kan kai loma su ce, "Ta yi, amma ba ta kamo ƙafar ta Na'ibi ba." Su ɗin nan kuwa, shekara tara suka yi ba sa cin abin da hannunsa ya taɓa.

Na'ibi haifaffen Gumel ne da bai san Gumel ba. Yana ɗan shekara tara ubansa ya riƙo hannunsa suka nufo gabas a ƙafa. Uban ya rasu a gonakin auduga na Sudan bai ga Ka'aba ba. Ɗan ya girma a bakin murhun mutane, ya yi wa matuƙan jirgi girki a Sawakin, ya ƙetaro Bahar Maliya a jirgin katako, ya yi hajjin da ubansa bai yi ba, ya zauna. Ya auri Mastura, haifaffiyar unguwar Hindawiyya a nan Jidda, wadda in ta fusata Hausarta kan ƙare a tsakiyar zance Larabci ya karɓa. Suka haifi 'ya ɗaya, Zakiya.

A shekarar 1958 ya sami aikin kuku a gidan wani Bature ɗan ƙasar Sifen, injiniya a kamfanin da ke yashe tashar jiragen ruwa. Ba wanda ya wahalar da harshensa da sunan mutumin. Khawaja ake ce masa, kamar kowane Bature. Kamfanin ne ya zama kafilin Na'ibi, mai tsaya masa a wurin hukuma, kuma sai Khawaja ya sa hannu ake sabunta masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Ran da hannun nan ya ƙi motsi, jirgi ne zai kwashe Na'ibi zuwa ƙasar da bai san ko mutum ɗaya a cikinta ba, ya bar mata da 'ya a baya.

Khawaja ba mai wahalar ciyarwa ba ne, sai ran Lahadi. Ranar yana da abinci guda, na mahaifiyarsa: shinkafa a faffaɗan kaskon ƙarfe mai kunne biyu, da za'afaran, da jatan lande, da ƙaguwa, da kifi, da wani jan hanji cushe da nama da ake yankawa ƙwaya-ƙwaya, irin wanda Larabawa ke kira sujuk. Duk wata uku wani kyaftin abokinsa kan sauke masa shi a akwatin da aka rubuta wa "kayan inji". Na alade ne.

Lahadin farko Khawaja da kansa ya naɗe hannun riga ya gwada masa. Na'ibi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda jan man ke fita daga naman yana rina shinkafa. Ya kau da kai. Amma hancinsa, wanda bai san haram ba, ya riga ya fara aiki: tafarnuwa, busasshen tattasai, hayaƙin itace, da wani tsami can ƙasa-ƙasa.

Ya dafa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da awartaki yake ɗaukar abin, ba ya ɗanɗanawa, in ya gama ya dirje kaskon da ƙasa, ya dirje hannunsa har ya yi zafi. Direban gidan, Usuman, Bahaushen Sudan mai bakin da ba ya riƙe ruwa, ya kai labari Karantina tun kafin sati ya zagayo. Daga ranar Usuman ya fara zuwa aiki da kofin shayinsa a aljihu.

"Ba don komai ba, ya zol, mutumina," in ji shi. "Kofunanka sun yi karatu a wata makaranta."

A unguwa ba wanda ya zage shi. Sai dai in ana suna ko walima a kira wani ya yi girki, alhali kowa ya san wa ya fi iyawa. In Mastura ta aika wa maƙwabta abinci, a karɓa da godiya, a zuba wa kyanwa.

A wata na uku Na'ibi ya je wurin Abdulghani mahauci a kasuwar Bab Makka ya sayi hanjin rago da tsokar ɗan maraƙi. Ya yanka naman ƙanana da wuƙa, ya haɗa da tafarnuwa da garin tattasai, ya cusa, ya rataye a cikin tsohuwar ganga bayan ɗakinsu, ya hura mata itacen ƙaya da Badawiyawa ke kawowa. Na farko da kitsen jelar rago ya yi. Ya sa ƙwaya ɗaya tak a cikin goma, ya laɓe a bayan labule. Khawaja ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ture ta gefen faranti. Kitsen rago yana daskarewa a dasashi, kuma yana faɗar sunansa.

Ya gwada kitsen saniya, aka ture. Ya gwada man zaitun, hanjin ya bushe kamar igiya. Wata bakwai yana wannan. Mutum ne da ke neman ɗanɗanon abin da bai taɓa kai wa baki ba kuma ba zai taɓa kaiwa ba. Ba shi da malami sai hancinsa da gefen farantin wani. Ya lura in abinci ya kai wa Khawaja inda ake so, yakan lumshe ido ya ja fatar kunnensa na hagu. Wannan kunnen Na'ibi ya sa a gaba.

Ran da Abdulghani ya yanka ɗan raƙumi, Na'ibi ya ga tozon, fari sol, ya murza ɗan kaɗan a yatsa ya ji ya narke bai bar wari ba. Ya jiƙa shi kwana guda a ruwan khal mai tsami. Lahadin nan ƙwayar ta wuce, ba a ture ta ba.

Wani da ya sami haka sai ya musanya duka a rana ɗaya. Na'ibi bai yi ba. Ya san nasa bai zama wancan ba, kusa kawai ya yi. Sai ya bar ɗaya cikin goma har wata guda, sannan biyu, sannan uku. Da ya ga ba zai iya kai namansa inda harshen Khawaja yake ba, sai ya riƙa janyo harshen, taku-taku, kamar mai jan doki mai tsoron ruwa, har ya kawo shi inda naman yake. Kafin shekara biyu babu ko ƙwayar alade a kaskon, kuma Khawaja na jan kunne duk Lahadi.

Abin da akwati ya kawo kuwa, Na'ibi kan zuba shi a buhu da dutse, in ya je sayen kifi kasuwar Bangala da asuba ya sake shi a teku.

"To, madalla," in ji Mastura. "Kifin ya ci alade, kai ka sayo kifin. Ina wayon, Abu Zakiya?"

"Teku tana wanke komai."

"Har kayan amana da ka zubar? Ka gudu daga haram ka faɗa wa ƙanwarta." Ta kaɗa masa hayaƙin ganga daga fuskarta. "Kuma maƙwabta na cewa yanzu har gida kake kawo shi. Ka bar ni in faɗa wa mutum ɗaya. Wahda bas!"

"Ki faɗa wa ɗaya, Usuman ya ji, Khawaja ya ji. Halas."

Sai suka riƙe sirrin, aka ci gaba da zuba wa kyanwa abincinsu.

A shekara ta biyar Khawaja ya je hutu garinsu ya dawo da damuwa. Cikin gurguwar Larabcinsa ya ce wa Na'ibi mahaifiyarsa ta tsufa, hannunta ya lalace, shinkafarta ta yi maiƙo, naman garin ma duk sun ɓata shi. Har ya faɗa mata, ta yi kuka. "Kai kaɗai ka rage, Na'ibi." Na'ibi ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Abin da ya ji a ƙirjinsa ba kunya ba ne, kuma bai gaya wa Mastura ba.

A tsakiyar 1967 yaƙi ya rufe mashigar Suwez. Jirgin kyaftin ya daina zuwa. Akwatin ƙarshe a watan Afrilu aka sauke shi, kuma kifayen Bangala sun daɗe da gamawa da shi.

"Allah ya kawo maka ƙofa," in ji Mastura. "Ka ce ya ƙare. Ba alade, ba ƙarya, ba ganga. Yalla, ka huta."

A Yuli Khawaja ya tambaya ko akwai saura. Na'ibi ya buɗe baki zai ce babu, ya ji kansa yana cewa, "Akwai kaɗan." A Agusta ma akwai kaɗan. A Satumba ma.

Mastura ta dube shi yana cusa hanji, ta daɗe tana dubansa.

"Da na ce don Allah kake yi. Yanzu ga Allah ya ɗauke maka, ka ƙi saki. Ko dai ba ka iya ganin Lahadi ta wuce ba a ja maka kunne ba, ko kuma so kake a kama ka."

"Wa ke so a kama shi?"

"Wanda ya gaji da yin abin mamaki ba mai kallo."

Na'ibi ya ci gaba da cusawa. Ya ɗaure bakin hanjin da zare, ya ja da ƙarfi har ya tsinke.

Lahadin farko ta Oktoba iƙamarsa na kan teburin Khawaja tana jiran sa hannu. Na'ibi ya yi girkin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya soya sujuk har ya ba da jan mansa, ya juya shinkafar a ciki ƙwaya-ƙwaya, ya zuba romon kan kifi, bai ƙara taɓa ta da cokali ba. Ya jera jatan lande kamar zoben azurfa. Da ruwa ya tsotse ya kara kunne yana sauraron ƙasan kaskon, har ya ji ƙanzo ya fara magana, taf-taf, ya sauke a daidai numfashin da ya kamata.

Khawaja ya kai loma, ya lumshe ido, hannunsa ya tafi kunne. A nan ya tsaya. Ya buɗe ido ya tsura wa ƙwayar sujuk ɗin da ke kan cokali ido.

"Na'ibi. Akwatin wata uku, yau wata shida. Daga ina?"

Usuman na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota. Ƙarya mai sauƙi tana nan kusa: na ɓoye wani, na yi tattali. Na'ibi ya gan ta sarai, ya bar ta ta wuce.

"Ni nake yi. Ɗan maraƙi ne da tozon raƙumi."

"Tun yaushe?"

"Shekara bakwai ba ka ci alade a gidan nan ba."

Khawaja ya yi wata dariya marar daɗi. "Kazzab, maƙaryaci. Na san naman garinmu. A wurin wa kake sayen na ɓoye? So kake a kore ni daga ƙasar?" Ya tura kaskon gabansa, ya miƙa masa cokali. "In ba alade ba ne, ci."

Na'ibi bai karɓi cokalin ba. Ya wanke hannu, ya zauna a kujerar da shekara tara yake gogewa bai taɓa zama a kai ba, ya ce bismillah a fili yadda na bakin ƙofa zai ji, ya ɗebo shinkafa da sujuk da ƙanzo ya kai baki. Sujuk ɗin ya sha ɗanɗana shi a gida, amma haɗin gaba ɗaya bai taɓa ba, don a gidan nan idon Usuman na kansa, a nasa gidan kuma ba kasko ba za'afaran. Hayaƙi ya fara isowa, sannan zaƙin teku, sannan tozon ya narke ya ɗaure su wuri guda. Ya daina tauna. Ashe abin da yake bai wa mutumin nan ke nan.

Makullin mota ya faɗi daga hannun Usuman. "La ilaha illallahu," ya ce a hankali.

Khawaja bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya ce, "To ba hannunta ne ya lalace ba." Ya miƙe. "Ka mai da ni baƙo a teburin uwata." Ya shige ɗaki, ya bar takardar ba sa hannu.

Lahadi uku suka wuce Khawaja na cin burodi da cuku, ba ya ko kallonsa. Mastura ta fara ɗaure kaya a ɓoye tana kwancewa. A Karantina kuwa labari ya riga ya gama gari, don Usuman bai ko tsaya cin abinci ba ranar. Mata suka fara aiko da kwanoni wai a ɗan sam musu miya, kamar ba su ne masu kyanwa ba. Na'ibi ya sami sunansa a makon da yake shirin rasa garin. Bai san ko ya yi riba ba.

Lahadi ta huɗu ya shiga kicin da safe ya tarar an sauko da kaskon daga ƙusa an ajiye a kan murhu. Iƙamar na ciki, da sa hannu, har tawada ta ɗan ɓata gefe. Khawaja na tsaye a bakin taga ya ba shi baya.

"Na rubuta wa uwata," ya ce. "Na ce ta yafe mini, nata ne na gaskiya." Bai juyo ba. "Amma bakina ba ya son na gaskiyar kuma. Ƙarfe ɗaya, Na'ibi. Ka bar ƙanzon ya yi sosai."

Na'ibi ya yi masa girki shekara bakwai bayan nan, har kwangilar kamfanin ta ƙare. Khawaja ya tafi da akwatunansa ya bar kaskon. Da shi aka yi girkin bikin Zakiya, sau goma sha ɗaya ana ɗorawa ana saukewa, Usuman na tsugune a gefe yana kankare ƙanzo da murfin gwangwani yana rantsuwa shi tun farko bai taɓa zargin kowa ba. Mastura ta ce masa ya fito da kofin aljihunsa a zuba masa a ciki.

Na'ibi bai zauna cikin masu ci ba. Ya tsaya can bayan labulen rumfa, inda ya saba, hannu a goye, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya.