Hotona da Bangon Gidan Auta

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Lahadi na shiga sabon gidan ƙanena a Sterling. Waɗanda na tarar a falo su ne mahaifiyarmu, da ƙanen nawa, da matarsa, sai gwaggonmu da ta zo daga Beltsville ganin gida. Na yi sallama, na jera takalmana a bakin ƙofa, na durƙusa na gaida Inna. Ta amsa tana kallon carbinta, kamar yadda ta saba.

Ni ne ɗanta na fari, mai gidan kuma shi ne auta. Ni na fara zuwa ƙasar nan, ina ɗaukar fasinja daga filin jirgi, da wannan tuƙin na kawo shi ya yi karatun kwamfuta. Yanzu ya sayi gida mai bene, ni ina haya a Greenbelt. Da Inna ta zo zama Amurka, wajensa ta sauka, don shi ke da ɗakuna. Ina so a sani tun farko, gidan bai tsaya mini a rai ba. Bango ɗaya ne ya tsaya mini.

Matar Auta a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ita ta jera hotuna a bangon da ke bin matakala, kuma ba zan rage mata ba, ta yi aiki. Firam duka baƙaƙe, babba a tsakiya, ƙanana sun kewaye shi, layinsu yana hawa daidai da hawan bene. Har 'yar fitila ta sa a sama tana haska su. Ni mutum ne mai son abu a kan layi, don haka na tashi na fara dubawa daga matakin ƙasa.

Ga marigayi babanmu riƙe da kekensa. Ga Inna da haƙorin Makka. Ga ƙannena mata da 'ya'yansu. Daga nan sai Auta: Auta da rigar makaranta, Auta da hular gama digiri, Auta ango, Auta a cikin ƙanƙara yana dariya. Kyanwar gidan ma tana da nata firam. Na kai sama ban ga kaina ba, na sake bi a hankali har ƙasa. A saukowar ne na gane wani abu. A hoton ranar da Auta ya sauka a filin jirgi akwai hannu a kafaɗarsa, da agogo mai baƙin maɗauri. Hannuna ne. An yanke sauran don hoton ya shiga firam.

Gwaggo ta ɗago kai ta ce, "Kai kuma me kake nema a bango, kamar mai duba sakamakon jarrabawa?"

Na ce, "Aikin nake dubawa, Gwaggo."

Auta ya ce, "Yaya, ya ka ga aikin madam?"

"An daidaita layi. Tsari ne ba a bi ba."

"Wane tsari kuma?"

"Na haihuwa. Ana farawa da babba."

Matar Auta ta dubi mijinta, sannan ta yi mini bayani da Turanci, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ta baza hotunan duka a kan kafet, ta roƙi Inna ta zaɓa. Duk wanda ta miƙa mata, sai ta karɓa ta yi murmushi. Amma da ta miƙa nawa, sai Inna ta kau da kai, ta ture shi gefe da bayan hannu. Ta sake miƙa wani, aka sake turewa. Ita kuwa sai ta ɗauka akwai wata rigima tsakaninmu da ba a gaya mata ba, ta ji tsoron tambaya, ta mayar da hotunana cikin kwali.

Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu. "Rigima! Yarinya, ɗan fari ne fa. Kunyarsa take ji. Kin taɓa jin ta kama sunansa? Ai ko a gaban alƙali ba za ta kama ba."

Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Ku zuba wa mai motar abinci, gidansa da nisa."

Mai mota. Haka take kirana tun da na fara tuƙi. Kafin nan "yaron nan" ne.

Ba Gwaggo ce za ta koya mini wannan al'ada ba, a cikinta na tashi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. A gida abin bai taɓa damuna ba, saboda duk 'yan farin unguwarmu haka muke, kuma hotuna a ƙasan akwati suke zama, babu wanda ya san wa ke ciki wa ba ya ciki. Amma a nan an fito da su bango, an kunna musu fitila. Duk baƙon da ya shigo zai ƙirga 'ya'yan Inna a kan matakala, ya tafi da lissafin da babu ni.

Na bi abin daki-daki. Da farko na tambayi matar Auta girman firam ɗin tsakiya. Sannan na sa aka goge mini farar babbar rigata, na je wajen mai ɗaukar hoto, na zauna yadda ya ce. Bayan haka na sayi baƙin firam irin nasu, na kai. Matar ta karɓa da hannu biyu tana ta ba ni haƙuri, ta sauke kyanwa da hoton ƙanƙara, ta rataye ni kusa da babanmu. Ranar na koma Greenbelt, cunkoson motoci bai ko dame ni ba.

Ba a daɗe ba Auta ya kira ni ina kan layin jiran fasinja.

"Yaya, akwai 'yar matsala."

"Faɗi."

"Hotonka ya hana Inna sakewa. Kujerarta da ke kallon bene, ta sa an juya mata ita tana kallon taga. In za ta hau sama kuma sai ta kau da kai gefe, ga gwiwa ba lafiya. Jiya saura kaɗan ta zame."

Me zan ce? In ce a bar shi uwata ta faɗi?

Na ce, "Ku cire."

"Ba cirewa za a yi ba, wuri za a sauya masa. Madam ta samo wuri mai kyau."

Wurin mai kyau shi ne lungun da ke fita gareji, saman injin wanki. Da na je na gani, Auta ya dafa ni yana dariya. "Ai kai ne mai mota, Yaya. Ga ka kusa da motoci." Ban yi dariya ba. Kyanwa kuwa ta koma wurinta.

Tun daga nan, duk Lahadin da na je, abu ɗaya nake gani. Baƙi za su zo gaida Inna, ta kai su gindin matakala, ta nuna hoton hular digiri, ta kama sunan Auta ta sake kamawa, ta ba da labarin yadda ya yi ƙyanda yana goye. Tana magana tana goge gilashin da bakin mayafinta. Ni ina zaune a falo da furfura a gemu, ina jin ƙirjina yana zafi saboda an goge gilashi. Na san ƙanena bai yi mini laifi ba. Sanin bai rage komai ba. In ya shigo ta ce masa "sannu da aiki" da sunansa, sai in ji shayin da ke hannuna ya fita raina.

Na kai ƙara wajen Gwaggo. Ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. In ba ka nan, zancen wa take yi in ba naka ba?"

Na ce, "Me take cewa?"

"Wannan kuma ba a faɗa wa ɗan fari."

Na tambayi Auta, ya ce shi bai lura ba. Matarsa ta ce in Inna ta yi sauri da Hausa ba ta kama duka. Ita kanta Inna ba zan iya tambayarta ba, ko na tambaya carbinta za ta kalla. Ƙila Gwaggo gaskiya ta faɗa, ƙila lallashina take yi. Shekarun Inna suna ja, ni kuma ina so in sani tun tana iya faɗa.

Saboda haka, kai mai karanta wannan, in kana cikin masu zuwa gaishe ta, ka riga ka gane gidan. Ga abin da nake roƙo. Ka zaɓi ranar da ba na nan. Ka bari ta gama nuna maka bangon, kada ka katse ta. In ta gama, ka ce mata, "Hajiya, ina babban?" Ka saurara da kyau, ka kuma dubi fuskarta. Sannan ka neme ni ka gaya mini abin da ta ce, yadda ta faɗe shi, kada ka ƙara don ka faranta mini, kada ka rage.