Baffa Ya Shiga Tsakani

Baffana, yayan mahaifinmu, babban jami'i ne a harkokin ƙasashen waje. A rediyo muka fi saninsa, yana bayyana damuwar gwamnati a kan rikicin wasu ƙasashe da ko sunansu ba mu iya faɗa. Wata shekara da kaka ya zo gida Daura hutu, sai aka aiko daga garin Babban Mutum cewa rigima ta tashi a gidan Goggo, ƙanwarsu. San wani mutumin Nijar ya tsallako ya yi ɓarna a gonar waken mijinta, mijin ya kama san ya ɗaure, ya rantse ba zai sake shi ba.

Baffa ya ce, "Wannan batun kan iyaka ne. Tashi ka kai ni."

Ni na ja motar. Da muka isa, mai sa yana zaune a ƙofar gida, shi da mijin Goggo suna ta musayar baƙar magana. Baffa ya ce kada a sake barinsu su ga juna. Ya ajiye ɗaya a zaure, ɗaya a gindin darbejiya, ya riƙa zarya tsakaninsu da babbar riga da littafin rubutu. Duk wanda ya tambaye shi ina aka kwana, sai ya ce, "An yi tattaunawa mai ma'ana."

Kwana uku muna zuwa muna komawa. San kuwa yana ɗaure, ya cinye harawar da aka tanadar wa tumakin gidan, ya fara sheƙi. Mijin Goggo ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah, haka yake yi wa ƙasashen ma?"

Rana ta huɗu muka tarar babu sa, babu mai sa. Goggo na tsakar gida tana tankaɗe.

"Yaya, ai an gama," in ji ta. "Matar mai san ta zo da safe, wurinta nake sayen man shanu a kasuwa. San zai ja amalanke ya kwaso mana gero daga gona. Suna can ma sun tafi."

"Wa ya sa hannu?"

"A kan me?"

Baffa ya dubi turken da babu sa. Ya buɗe littafin, ya rufe. Can ya ce dama inda ya nufa da maganar ke nan, an dai yi gaggawa. Muka shiga mota muka koma Daura.

Bayan wata biyu na kai masa ziyara Abuja, na tarar yana da baƙi a falo. Ina shiga na ji yana ba su labarin wani rikicin manoma da makiyaya da ya kwantar a kan iyaka cikin kwana huɗu, ba a zubar da jini ba. Ya hango ni, ya nuna ni da yatsa.

"Ga shaida nan, da shi muka je."

Na ce, "Ƙwarai, Baffa, ba a zubar ba." Na tsugunna na gaishe su.