Saƙon da Kaftin Ya Kai Bakin Bahar Maliya

Duk wanda ya taɓa zama cin tuwo da Kawu Asumana ya san ɗanɗanon tuwo mai sanyi. Ba laifin matarsa Inna Zali ba ne, da tiririnsa take kawo shi. Sai dai kana wanke hannu, ka yi bisimilla, za ka ji an cafke maka tsintsiyar hannu.

"Dakata, yaro! Wagga miya ita ta Bahar Maliya."

Shi ke nan, an shiga yaƙi. Zai gutsuro loma biyu ya ɗora a kan miya, su ne jiragen Larabawa masu fataucin bayi. Ludayi kuma jirgin yaƙin Ingila. A lomar farko akwai kakarsa Habsu tana yarinya, a ta biyu ƙanwarta Tasalla. Iyayensu sun tashi daga nan Barmu da ƙafa za su Makka, suka rasu a hanya, madugun ayari ya sayar da yaran a bakin teku. Ludayi ya tare lomar farko, aka kwance Habsu. Mai loma ta biyu kuwa, da ya hango igwa, sai ya ɗaga tutar Faransa, a nan ne Kawu ke soka wa lomar tsinken tsintsiya. Faransa ba ta yarda Ingila ta binciki jirgi mai tutarta ba, don haka ludayi ya ja da baya, Tasalla ta wuce, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Habsu ta yi shekaru tana bin ayarin alhazai kafin ta dawo gida, ƙasar Adar. Da ta kwanta ciwon ajali, ta kama kunnen jikanta ta ce duk ranar da ya isa bakin ruwan nan, ya gaya wa Tasalla yayarta ta iso gida.

Wannan saƙon ne Kawu ya ɗauka a ka har furfura ta cinye masa gemu. Mu kuwa ’ya’yan ƙannensa, abin da muka ɗauka yunwa ce.

"Kawu, ai jiya mun ji labarin nan."

"Jiya da miyar kuka kunka ji shi. Yau kuɓewa ta, ruwa ya hi santsi!"

Dalilin haka duk Barmu, har kasuwar Tawa, ba a kiransa sai Kaftin, alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba.

Wata shekara masu aikin gina rijiyoyi suka zo da wata Baturiya. Da Kawu ya ji daga Ingila take, ya sa babbar rigarsa, ya tisa mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a gaba don ya yi masa tafinta, ya same ta a gindin itacen bedi. Ya zayyana mata labarin tsaf. Baiwar Allah ta yi ta murmushi, ta zaci godiya aka zo yi wa kakanninta. Kawu ya ciro goro daga aljihu, ya ɓara shi biyu, ya miƙa mata ɓari ɗaya, ɗayan ya jefa a bakinsa.

Mushe ya ce, "Haba Kaftin, baƙuwa guda, rabin goro?"

"Rabin aiki sunka yi. Hwaɗa mata in sun kawo Tasalla ta zaka ta amshi sauran."

Baturiya ta ce ai dokar teku ce ta ɗaure musu hannu a lokacin. Kawu ya dube ta sama da ƙasa.

"Ku da igwa, shi da ƙyalle, kuma ƙyalle yac ci igwa? Kai, mushe, tambaye ta, da hanyarsu ta Indiya anka tare da ƙyallen nan, tsayawa za su yi su gaishe shi?"

Mushe dai bai fassara wannan ba, ya ce mata tsoho yana yi mata fatan sauka lafiya.

Ranar da Ingila da Faransa suka buga ƙwallo, samari suka ɗauke shi musamman zuwa gidan kallo don su ga wa zai goya wa baya. Ya zauna ya harɗe, Ingila ta kai hari ya yi tsaki, Faransa ta kai hari ya tofar da yawu. Muka ce, "To Kawu, wa kake so ya ci?" Ya ce shi yana bayan mai usur, don shi kaɗai ne a filin yake tsayar da mutum ba tare da ya dubi launin rigarsa ba.

Da ’ya’yansa suka haɗa hannu suka biya masa kujerar Makka, sai rigima ta tashi. Kawu ya rantse ba zai hau jirgin sama ba, ta ruwa kakarsa ta bi, ta ruwa zai bi. Ni aka ɗora wa rakiyarsa, don haka na ce to mu je tabkin Tabalak ya fara gwada hannu a kwale-kwalen masunta. Wayyo Kaftin! Ko tsawon igiyar guga ba mu yi daga gaɓa ba ya rungume wuyan mai tuƙi, yana salati da ƙarfi, hularsa ta faɗa ruwa, karin kumallonsa ya bi ta. Da muka fito ya zauna a kan yashi yana haki, ya ce, "Wanga ruwa ba shi da tarbiyya. Na Larabawa ya san manya." Amma washegari da kansa ya tambaye ni ko a jirgin sama ana ba mutum wurin da ba taga.

Mun yi aikin Hajji lafiya. A Jidda, muna jiran jirgin komowa, ya ƙi ci ya ƙi sha sai an kai shi bakin teku. Na yi ta roƙon jagoranmu har ya haɗa mu da wani direba. Da muka isa Kawu ya tsaya cak. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ture ni. Ya tuɓe takalmansa kamar mai shiga zauren surukai, ya taka har inda yashi ya jiƙe, ya yi sallama.

"Tasalla! Ni na Asumana, jikan Habsu. Ta ce in hwaɗa miki ta isa gida. An yi mata arme a Barmu, ta haihi ɗiya, ta ga jikoki. Gonar babanku tana nan, mu ka noman ta. Ba ta taɓa cin abu mai daɗi ba ta ambace ki ba. Na makara, ki gahwarce ni, hanyar da nisa."

Ni da na zo da niyyar in sami abin ba samarin Barmu dariya, sai na tsinci kaina ina share ido da gefen rigata. Direban ma, da ba ya jin Hausa, ya sunkuyar da kai. Can igiyar ruwa ta taso ta daki ƙafafun Kawu, ya yi tsalle baya da gudu har yana neman faɗuwa.

"Ta amsa! Ta amsa! Mu tahi tun ba ta ce in shigo ba!"

A mota ya jingina kansa a kafaɗata ya yi barci, irin barcin wanda ya sauke dami bayan doguwar tafiya. Damina biyu ya ƙara a duniya, ya cika a ɗakinsa, Inna Zali na gefensa.

Allah ya jiƙan Kawu Asumana, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya jiƙan Habsu da Tasalla, da duk waɗanda aka haye da su ruwa babu wanda ya bi su da saƙo. Ya Ubangiji, ka sada yaya da ƙanwa a gidan da ba a raba kowa da kowa. Amin.