Tsofaffin Jaridun Madam

Shekarar da ruwan sama ya farfasa rufin babban ɗakin karatu na gari, ni ba littattafai suka dame ni ba, Baba ne. Tun da ya ajiye tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, idanunsa suka mutu, abu ɗaya ne ke fitar da shi daga gida. Kowace safiya sai in saka shi a taksi in kai shi wurin, ya zauna cikin tsofaffi ƴan uwansa a karanta musu jaridar ranar, su yi ta gardama har azahar, ni kuma in wuce shagona na ɗinki.

Da aka ce za a maida ɗakin karatun unguwarmu ta Talaje kafin a gama gyara, kai, ka ji zance a Yamai! Wannan ya ce da kilim mai sanyaya iska a kowane ɗaki, wancan ya ce na'urori an ciko mota da su. Har wata maƙwabciyata ta rantse ta ga ana shiga da kujeru masu juyawa. Ranar buɗewa muka yi ado muka tafi, sai ga mu a wani tsohon magazan na buhunan shinkafa, ɗaki biyu da rumfar kwano. Ko warin buhu bai gama fita ba.

Shugabar wurin wata Bazabarmiya ce ƴar Gudel, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Madam muke ce mata. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi mana bayani da Hausarta ta kasuwa, ba kwana-kwana. Ta ce kuɗin da meri, wato hukumar gari, ta ba ta ba zai ɗauki kuran, wato lantarki, da fanka da kuma jaridar kullum ba, sai ɗaya. Ga bazara ta kawo jiki, ga ɗalibai masu shirin jarrabawar bak da ba su da wurin karatu. Don haka ta zaɓi fanka, jarida sai an koma babban gini.

Tsofaffi suka watse suna guna-guni. Baba sandarsa kawai ya laluba. Daga ranar ya daina fita. Sai ya kwanta a tabarma ya juya wa ƙofa baya, in na kawo tuwo ya ce in ajiye. Na kunna masa rediyo, ya ce mini rediyo ba a yi mata musu. Ina kallo mutumin da ya ratsa ƙasar nan da mota yana ƙanƙancewa, wallahi tsoro ya kama ni.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, duk layinmu sun shaida. Na rufe shago na yafa gyale na nufi magazan ɗin. Na same ta a rumfa tana ɗaure wani littafi da zare, gumi na zuba, don ko ita ba ta ajiye wa kanta fanka ba.

"Madam, ke ba ki da uba ne?" Haka na fara, ko sallama ban yi ba. "Nawa jaridar take da za ki kashe tsofaffi a kanta?"

Ta bari na zazzage cikina tas, sannan ta ce, "Ƴar uwa, ba zan yi miki ƙarya ba, babu. In na ce miki gobe, goben ma babu. Leƙa ɗakin can."

Na leƙa. Yara ne maƙil, wasu a ƙasa, kowa da littafi a cinya, fanka biyu na ta fama a kansu. Amma zuciyata ba ta sauka ba.

Sai ta ja ni ɗaki na biyu ta yaye wata leda. Manyan kundaye ne jibge, tsofaffin jaridu da aka ɗinke shekara-shekara. Ashe sawu ɗaya aka ba ta na motar kwasar kaya, sai ta bar teburinta da kabad ɗinta a can ta ɗauko waɗannan, don kada ruwa ya cinye su.

"Kawo Baba," in ji ta. "A karanta musu waɗannan."

Na ce, "La ilaha! Jaridar naɗe ƙosai za ki ba ubana?"

Nan ne na fara ganin haƙoranta. Ta ce, "Ki gwada dai. In ya ƙi, ki dawo ki ƙarasa zagin."

Da ƙyar na lallaɓo shi, da sunan zai raka ni. Madam ta shimfiɗa tabarmi a rumfa, ta aika aka kira sauran tsofaffin, ta durƙusa ta gaida Baba. Ta tambaye shi shekarar da ya fara tuƙi, ta ɗauko kundin shekarar ta ɗora mini a cinya, tunda na ɗan taɓa lakol, na iya karatu. Ban yi nisa ba, ina karanta labarin wata hanya da aka ce an gama, sai Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Ƙarya ne! Ni na bi ta, rabinta yashi ne!"

Wani tsoho ya ce gaskiya ne, wani ya ce a'a, rumfa ta kaure. Ashe jaridar yau sauraro kawai suke yi su yi hasashe, wannan kuwa kowa yana wurin aka yi. Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Mutane ba su daina ƙorafi ba, kullum da mai zuwa neman kilim ko sabon littafi. Ban taɓa jin Madam ta yi wa wani alkawarin abin da ba ta da shi ba, kuma ban taɓa ganin wanda ta sallama hannu wofi ba. Na ga shugabanni, amma irinta ban gani ba. Ni da na zo zagi, sai ga ni ina barin keken ɗinki kowace safiya ina zuwa karatu.

Muna bin shekarun a jere har muka iso wata damina. Na karanta wani ɗan labari a ƙasan shafi, cewa ruwa ya karya gada a hanyar gabas, motocin albasa sun yi kwanaki a tsaye. Na jira a fara musu, ban ji ba. Na ɗaga kai, sai na ga Baba ya miƙe zaune.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "a makon nan aka haife ki. Ina bakin gadar nan aka yi sunanki. Na faɗa wa uwarki, ta ce yawona na tsaya. Har Allah ya karɓi ranta tana yi mini gori."

Ya miƙo hannu yana laluben takardar, na kama yatsansa na ɗora a kan layin. Hawaye na bin gemunsa, amma dariya yake yi.

"Ga shi a rubuce," ya ce. "Sake karantawa, Uwata. Da ƙarfi."