Kwanon Mama Rahila

Ina tankaɗe a tsakar gida ranar Talata da hantsi, sai matar fasto ta shigo ba ko sallama. Ta tsaya a kaina ta ce, "Saratu, Mama Rahila ta tafi gida wurin Ubangiji." Na ajiye rariya. Ban ma san garin ya zube a ƙasa ba.

Mama Rahila ce ke koyar da mata masu shirin baftisma a majami'armu ta Jimeta, tun kafin mulkin kai har zuwa bana. Iliminta bai wuce karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba, amma ta riƙe shi da hannu biyu. Takan ɗaga shi ta ce, "Maganar Allah ce wannan. Ko ni na faɗi abin da babu a ciki, ku tsayar da ni."

Shekarar mulkin kai na shiga ajinta, ina amarya daga ƙauye. Na haddace komai: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Yesu ya mutu domin zunubanmu, ya tashi, zai kuma dawo. Ana gab da dattawa su gwada mu, ta tambaye ni, "In kin tsaya gaban Allah, me zai sa ya karɓe ki?"

Na ce, "Na bar dafa giya, Mama. Kuma kowace Asabar ni ke share majami'a."

Ta ce, "To, tsintsiyar za mu kai kogi a yi mata baftisma, tunda ita ce mai ceto."

Mata suka kwashe da dariya. Ta cire sunana daga masu baftismar shekarar. Na yi fushi, har na daina gaishe ta a hanya.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, maigida ba ya gari. Sai ga ta da tuwo da miyar kifin tafkin Njuwa a kwanonta mai fure. Kowa ya sani ba a mayar wa maƙwabciya kwano ba komai a ciki, ni kuwa ko ƙwayar gyaɗa ba ni da ita. Na ɓoye kwanon kwana takwas don kunya. Ta dawo da kanta.

"Ke Saratu, kwanona aure ya yi a gidanki?"

"Mama, ba ni da abin sawa a ciki."

"Na ce ki sa wani abu? Kin ci kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi."

"To miƙo shi haka. Haka ake zuwa wurin Yesu. Shi ya dafa, shi ya kawo. Shara ki ci gaba da yi, godiya ce, amma ba ita ce ceton ba."

A nan na gane, na yi kuka sosai. Shekara na zagayowa dattawa suka yi mini wannan tambaya, na ce, "Alherinsa kaɗai, ta wurin bangaskiya." Ranar da na fito daga ruwan Binuwai, ita ta yafa mini zane, ta kuma bar mini kwanon.

Ina alfahari da cewa a hannunta na koyi bangaskiya. Ran jana'izarta har maƙwabtanta Musulmi daga unguwar Wuro Hausa suka zo gaisuwa, suna cewa, "Dada ta tafi," wato uwa da Fulatanci.

Ganinmu na ƙarshe, tana kwance, na ce, "Mama, kin yi wa Ubangiji aiki mai yawa." Ta harare ni ta ce, "Kin koma wa tsintsiya ke nan? Ni ma da kwanon da ba komai zan je."

Ya Ubangiji, jinƙanka ta dogara gare shi, ba aikinta ba. Ka karɓe ta cikin hutunka har ranar tashin matattu. Ka ta'azantar da Baba Yohanna mijinta, da 'ya'yanta na nan da na Maiduguri, da jikokinta. Ni kuma da aka ce in riƙe ajinta daga Asabar mai zuwa, ka taimake ni. Ba ni da komai sai kwanon nan, ka cika shi.